Me Ya Koro Shi Daga Gida?

Mu nan Abidjan hunturu ba ya daɗewa. Yakan leƙo a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, ya yi 'yan kwanaki, ƙura ta lulluɓe dogayen benayen Plateau har wanda ke tsaye a bakin gada ta ɓangaren Treichville ya kasa ƙirga su, leɓe ya tsattsage, sannan iskar teku ta dawo ta karɓe garinta. A irin waɗannan kwanaki ne bara ɗana na biyu, wanda ke ajin ƙarshe na sakandare, ya same ni a garejina da ke bayan kasuwar Belleville ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wasu Turawa, miji da mata, sun ajiye mota mai ɗaki a gindin tudun yashi a kudancin Maroko, sun fito da kujeru biyu suna shan shayi, rana tana faɗuwa. Ya ce, "Baba, in Allah ya buɗa mini irin wannan zan saya. Duk hutun sanyi sai hamada."

Ban ce masa komai ba a lokacin. Da safiyar ranar na je Adjamé duba wata gingimari da ta kawo albasa daga Galmi, na tarar da direban da yaransa biyu kwance a ƙarƙashinta a kan tabarma, kwana goma sha ɗaya rabonsu da gado. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin ya yi yana irin wannan kwana. Yanzu yana zaune tare da mu, bayansa ba ya miƙewa sai da dabara. Sai ga jikansa yana burin tara kuɗi domin ya kwana a mota. Tambayar da ta tsaya mini a rai ke nan, kuma ita nake so mu duba tare, mai karatu: shin ya dace mai hali ya ɗauki wahalar da wasu ke sha bisa tilas ya mayar da ita hutu? Izgili ne ga marasa shi, ko akwai wani alheri a ciki? Ina da 'yar hujjar sa baki, don na taɓa yin irin wannan hutu, ko da yake a matsayin ɗan aiki.

A Disambar 1998 ina ɗan shekara 22, ina koyon kanikanci a Treichville. Wani Bafaranshe da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa ya kawo mana tsohuwar Mercedes mai jan ƙafa huɗu wadda ya mayar da bayanta ɗaki. Akwai gado, murhun gas, ƙaramin firji, makewayi, da tankin ruwa mai cin lita 300. Shi da matarsa, tsohuwar malamar makaranta, za su yi hutun ƙarshen shekara a Tenere, suna neman yaro mai jin Hausa da Faransanci wanda kuma ya san riƙon sifana. Ubangidana ya nuna ni. Kuɗin wata guda da aka yanka mini ya fi abin da nake samu a wata huɗu, don haka ban tsaya shawara ba. Muka bi ta Yamoussoukro, Bouaké da Ferké, muka ratsa Burkina ta Bobo da Wagadugu, muka shiga Yamai, Doso, Ƙonni, Tawa, har Agadas, tafiyar sama da kilomita 2,500. Azumi ya kama mu a hanya.

Lokacin Agadas tana samun baƙi. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da 'yan tawayen Abzinawa a 1995, masu yawon buɗe ido sun fara dawowa, kullum ka tarar da su suna ɗaukar hoton hasumiyar masallacin nan na ƙasa da aka fara ginawa a 1515. Mai hankali ba ya shiga Tenere da mota ɗaya kuma babu ja-gora, saboda haka muka ɗauki wani dattijo Ba'abzine mai tsohuwar Toyota kat-kat. Niyyar ita ce mu kai Bilma, garin gishiri da dabino, muna tafiya a hankali, inda dare ya yi nan ne gida.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko sun yi mini daɗi. Wanda ya tashi a Treichville bai san shiru ba. Ko ƙarfe uku na dare akwai kiɗan gidajen cin abinci, akwai ƙarar woro-woro, akwai jiniyar jirgi daga tasha. A Tenere har bugun zuciyata nake ji. Da dare sanyi kan sauka har ruwan buta ya riƙa yanka hannu kamar reza, taurari kuma su sauko kusa kamar a miƙa hannu a tsinko. Mun ya da zango a inda itacen Tenere yake a da, itace ɗaya tilo a tsakiyar yashi wanda wani direban babbar mota ya buge a 1973. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa, kuma akwai rijiya mai ruwan zartsi a wurin.

Rabin yini gaba da rijiyar muka hango wani abu kamar tudu, mutane na kewaye da shi. Gingimari ce mai zuwa Dirku, irin waɗanda ake loda wa buhu kan buhu har ka rasa inda jikin motar yake, jarkoki naɗe da algarara na rataye a gefe, fasinja kuma a can sama. Mutum kusan tamanin ne, yawancinsu Hausawa daga yankin Damagaram da Tawa, da wasu 'yan Gana, duk Libiya suka nufa neman aiki. Kwanansu uku a tsaye. Boris ɗin famfon ruwa ne ya ci, inji ya riƙa zafi, direba ya yi ta ɗura ruwan sha a lagireto yana fatan ya kai rijiya ta gaba. Ruwan ya kusa ƙarewa, motar ba ta kai ba. Na leƙa na duba, na san sifana ba ta da abin yi a nan. Sai an kawo wani famfon daga Agadas.

Maigida ya ja mu gefe ni da ja-gora, ya fito da takarda da biro. Lissafinsa ba na mugu ba ne. Ya ce zai ba su lita 40, mu ci gaba zuwa Dirku, mu sanar da sojoji su aiko da taimako. Dattijon ya saurara har ya gama, sannan ya juyo gare ni da Hausarsa ta Agadas ya ce, "Yaro, gaya wa maigidanka, a nan ba a wuce mota a tsaye. Ni zan koma Agadas da yaron motar da famfon, in cika jarkokinsu a rijiya in ina dawowa, don maina bai isa zirga-zirga biyu ba. Shi ya zauna nan da tankinsa. In bai yarda ba ya nemi wanda zai nuna masa hanyar Bilma." Na fassara, na ɗan rage wa maganar kaifi. Maigida ya yi shiru, ya waiga wajen matarsa. Ita kuwa ta riga ta buɗe murfin famfon tankin tana neman gwangwanin awo.

Kwana huɗu muka yi motar hutu da motar neman abinci suna fuskantar juna. Madam ta rubuta sunan kowa a littafi, ni ina bakin famfo, kowa gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da magariba. Wasu sun ci gaba da azumi, mafi yawa sun ajiye tun da matafiya ne. Da dare sanyi ya fi ƙishirwa azaba, don yawancinsu ba su da bargo sai buhu. Tun daren farko Madam ta shigar da mata biyu masu goyo da wani tsoho mai zazzaɓi cikin ɗakin motar, ita da mijinta suka koma kujerun gaba suna kwana a zaune. Daga rana ta biyu Maigida ya daina cin abinci da rana. Ba musulunta ya yi ba, kasa tauna ya yi a gaban mutum tamanin.

A rana ta uku wani magidanci daga wajen Matamaye ya roƙe ni in nuna masa cikin motar. Ya shiga da sallama, ya taɓa katifa, ya buɗe firji ya sa hannu, ya daɗe yana kallon makewayin. Da muka fito ya ce, "Ƙanena, wannan dattijo me ya koro shi daga gida?" Na ce babu abin da ya koro shi. Ya ce, "Yana da gida dai?" Na ce biyu ma, ɗaya a Abidjan, ɗaya a Faransa. Ya ce, "Bashi ake bin sa?" Na ce a'a, hutu ya zo. Ya dubi yashin da ya kewaye mu ta ko'ina, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ikon Allah! Ni gonata na jinginar don in tsallake wannan wuri, shi kuma kuɗi ya biya don ya zauna a cikinsa."

Da yammacin rana ta huɗu Toyota ta dawo da famfo da jarkoki cike. Ni da direban muka ɗaura shi da hasken tocila. Da asuba gingimarin ta yi gabas, mu muka yi yamma, don ruwanmu da kwanakinmu sun ƙare. Har yau ban ga Bilma ba.

Shekaru da yawa hukuncina a kan irin wannan hutu guda ne: izgili. Dariyar mutumin Matamaye ta zauna mini a kunne. Hujjata ita ce, abin da ke sa talauci ɗaci ba taurin tabarma ba ne. Kawu ko a kan dutse ka shimfiɗa masa zai yi barci. Ɗacin yana cikin rashin sanin ranar da abin zai ƙare, da sanin cewa in ka ɓace babu mai fita nemanka. Maigida yana da fasfo, yana da inshora, yana da ofishin jakadanci da zai tayar da jirgi in ya yi kwana biyu ba a ji shi ba, kuma ranar komawarsa gida tana rubuce a kalanda. Ya ɗanɗani sanyin da suka ɗanɗana, ya sha gwangwanin da suka sha, amma tsoron da ke cikinsu bai taɓa shiga cikinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙon kwana huɗu sai dai ya ga danshi.

Tarihin hamadar kansa yana goyon bayan wannan hujja. A Janairun 1977 wani matashi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a kan babur yana cikin gasar tseren da ta tashi daga nan Abidjan zuwa Nice. Aka fita nemansa da jirgin sama, aka same shi da rai. Hamadar ta burge shi har ya ƙirƙiro gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta fara tashi a ƙarshen Disambar 1978, ta yi shekaru tana ratsa Agadas da Tenere. A Oktoban 2013 kuwa motoci biyu da suka tashi daga Arlit zuwa Aljeriya suka lalace a hanya. Da aka kai ga wurin, gawa 92 aka tarar, mafi yawa mata da ƙananan yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Yashin ɗaya ne, lalacewar abin hawa ɗaya ce. Wanda ya ɓace cikin wasa ya fito da suna da sana'a, waɗanda suka ɓace cikin neman abinci a can aka binne su.

Wanda ya fara girgiza mini wannan hukunci wani malami ne mai sayar da goro a Adjamé. Wata rana cikin azumi ina ba shi labarin nan ina kumfar baki, ina cewa wahalar da mutum ya san lokacin ƙarewarta wasan yara ce. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, kai da kake azumi yanzu, ba ka san da magariba za ka sha ruwa ba? Ai har minti ka sani. Uwargida ma tana can tana dama kunu. To azumin naka izgili ne ga wanda bai san inda zai samu na buɗa baki ba?" Na buɗe baki na rasa ta cewa.

Da na koma gida na yi ta juya maganar, sai na ga ashe wahalar da mutum ya zaɓa da kansa tsohuwar makaranta ce, kuma mu ma muna da azuzuwanta. Mai i'itikafi yana barin gadonsa ya kwana goma a kan tabarmar masallaci, gidansa na nan bayan layi. Gardawan tsangaya sukan fita kiskadi, su kafa bukkoki a bayan gari cikin sanyi domin hadda ta zauna, alhali suna da inda za su koma. Ko a Rum ta da, masanin nan Seneca, wanda yana cikin manyan attajiran zamaninsa, ya shawarci abokinsa a wata wasiƙa da ya riƙa ware 'yan kwanaki yana cin abinci maras daɗi, yana sa tufafi masu kaushi, don ya gane cewa abin da yake tsoro bai kai yadda yake zato ba. Duk waɗannan suna da ƙofar fita, kuma ba mu ce da su masu izgili.

Me wannan makaranta ke koyarwa? Abin da na gani da idona shi ne awo. Mutumin da ya saba buɗe famfo ya bar shi yana zuba bai san nauyin lita 20 ba sai ranar da ya ɗauki jarka a kafaɗa. A hanyar dawowa Maigida ya yi ta nuna mini cikin alfahari cewa yanzu ya iya wanka da buta ɗaya. Na yi dariya a zuci, don abin da aka haife ni a cikinsa shi sai da ya biya kuɗi ya koya. Amma ilimi ilimi ne, ko ta wace ƙofa ya shigo. Kuma tun da masu hali ne ke yanke farashin ruwa, da kuɗin haya, da albashin direba, gara mai halin da jikinsa ya taɓa sanin ƙishirwa da wanda labarinta kawai ya ji. Jiki magayi.

Sai dai akwai abin da malamin goro bai ƙarasa ba, wanda daga baya na gano da kaina. Azumi ba ya rufewa da shan ruwan ƙarshe. Kafin a tafi idi sai an fitar da zakkar fidda-kai, mudun Annabi huɗu na abin da ake ci a gari a kan kowane mutum na gidan, a kai wa mabukaci. Wato yunwar da ka zaɓa ana so ta ƙare a ƙofar wanda bai zaɓi tasa ba. Wanda ya yi wata guda yana jin yunwa, ya fito bai tuna da kowa ba sai ramar da ya yi, ya sha wahala dai, amma darasin ya wuce shi. A nan na samu ma'aunin da nake nema. Ba a gane ko hutun mai mota ɗaki izgili ne ko karatu a lokacin da yake shan shayi a gindin tudu. Ana ganewa ne ranar da hanya ta haɗa shi da gingimarin da ta lalace.

Wani abu kuma da ya sa na daina yanke hukunci daga nesa shi ne labarin Quartzsite, wani ɗan ƙaramin gari a hamadar jihar Arizona ta Amurka. Mazaunansa na dindindin 'yan dubbai kaɗan ne, amma duk lokacin sanyi dubban motoci masu ɗaki kan cika filayen gwamnati da ke kewaye da shi, inda ake yankar izinin zama daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. Wasu 'yan fansho ne da suka gudo wa ƙanƙarar arewa, gidajensu na can a kulle. Wasu kuwa motar ita ce gidan, tun bayan rikicin bashin gidaje na 2008 da ya raba mutane da yawa da muhallinsu. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi irin waɗannan tsofaffi, masu yawon aikin wucin gadi a rumbunan ajiyar kaya da gonaki, ta rubuta littafin Nomadland a 2017, fim ɗinsa kuma ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Mota kusa da mota, ɗaya hutu, ɗaya rashi, kuma daga waje ba lalle ka bambance ba. Ashe layin bai ratsa tsakanin Bature da baƙin mutum kamar yadda na zata ina ɗan 22 ba. Ko a can akwai irin Kawu.

Na san mai karatu zai iya cewa na sassauta wa Maigida da yawa. Ai ba da son ransa ya tsaya ba, ja-gora ne ya ɗaure shi. Wannan gaskiya ne, ni na fassara maganar. Da babu dattijon nan da lita 40 za mu bari mu wuce, kuma da na bi ba tare da na ce uffan ba, don ina tsoron albashina. Amma ruwan da aka bayar bisa kunya yana kashe ƙishirwa kamar wanda aka bayar bisa so. Kuma ba wanda ya tilasta masa barin gadonsa, ba wanda ya hana shi cin abincinsa a ɓoye. Alheri da yawa a duniya da kunya yake farawa, shi ya sa Bahaushe bai raina kunya ba. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne, mai zuwa hutu a ƙasar wahala yana bukatar wani ɗan ƙasa da zai iya ce masa a'a, kuma yana bukatar kunnen jin a'ar.

Inda har yau zuciyata ba ta kwanta ba shi ne abin da ya biyo baya. Bayan mun dawo ya shirya liyafa a gidansa, ya gayyace ni don in zama shaida. Aka kashe fitila, aka haska hotuna a bango: ga gingimari, ga layin masu riƙe da gwangwani, ga mutumin Matamaye yana dariya. Baƙi suna ta jinjina, shi kuma yana cewa bai taɓa yin hutu mai daɗin wannan ba. Wata mata ta tambaye shi sunan mai dariyar, ya kasa. Madam ce ta tashi ta ɗauko littafinta ta karanto. Na fita daga gidan raina a ɓace, ina cewa ƙishirwar mutane ta zama kayan ado a falonsa. Sai dai shekaru sun koya mini in riƙa duba kaina kafin in nuna wani. An biya ni kuɗina cif, har da kyautar da na sayi akwatin kayan aikina na farko da ita, garejin Belleville daga nan ya faro. Kuma labarin nan na ba da shi ya fi sau ɗari, a majalisa, a wurin suna, ga shi yanzu ina ba ku. Ni ma na ci daga lalacewar motar nan, kuma ni ma sunan mutumin ya ɓace mini.

Abin da ya faru da Tenere bayan mu ya ƙara fito da bambancin fili. Tawaye ya sake ɓarkewa a arewacin Nijar a 2007, aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a Satumbar 2010, masu hutu suka ɗauke ƙafa, suka koma Maroko da wasu wurare masu kwanciyar hankali. Masu neman abinci ba su fasa ba. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingen jami'ai suna bin hanyoyi mafi haɗari, har aka soke ta a Nuwambar 2023. Mai zaɓi in wuri ya ɓaci sai ya canza wuri. Wanda ba shi da zaɓi hanyar ce dai, ko da ja-gora ko babu, kuma yanzu da wuya ya ci karo da tankin lita 300 na wani ɗan hutu. Wannan ma abin lura ne: kasancewarmu a wurin a ranar, ko da wasa ya kai mu, ita ta kawo ruwan.

Da daddare na kai wa Kawu wayar na nuna masa bidiyon. Ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe, abin da ya fara tambaya shi ne ko tayoyin za su iya da yashi. Na ce, "Kawu, ba ka ji haushi ba? Abin da ya karya maka baya su sun mayar da shi shaƙatawa." Ya ce, "Ɗana, cikin shekara talatin ɗin nan akwai dararen da har gobe nake kewarsu. Tsakanin Fada da Kancari, in mun faka, yara sun ɗora shayi, iska na kaɗawa, wallahi ɗaki bai kai nan daɗi ba. Abin da ya dame ni shi ne ba a taɓa tambayata ko yau ina so ba." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Amma duk wanda ya taɓa tsaya mini lokacin da na lalace a daji, ban tambaye shi ko aiki ya fito ko yawo ba."

Washegari na kira yaron gareji. Na ce masa ban hana shi burinsa ba, in Allah ya hore masa ya saya, amma da sharuɗɗa. Tankin ruwansa ya fi bukatarsa girma. Kada ya ɗauki hoton mutumin da bai tambayi sunansa ba. Kada ya kira abin da yake yi talauci, ko ya ce ya san abin da talaka ke ji, don hutu yake yi, ya kira shi hutu. Kuma kada ya wuce mota a tsaye. Sannan na ce kafin hutun makaranta ya ƙare ya je Adjamé ya kwana biyu da yaran motar albasa, ya taya su sauke buhu, ya ci garba a inda suke ci, ya kwanta inda suke kwanciya.

Ya je. Ya dawo da safiyar rana ta uku jikinsa duk cizon sauro, rigarsa na warin albasa, ya yi wanka ya kwanta har la'asar. Da ya tashi ya gaya mini sunayen yaran biyu da garuruwansu, da cewa ƙaramin sa'ansa ne, kuma rabonsa da aji tun yana ɗan shekara goma. Motar dai har yanzu yana so. Jiya ma ya zo yana tambayata ko irin Mercedes ɗin nan za ta iya ɗaukar tankin lita 500 ba tare da sifirin ya kwanta ba. Na ce za ta iya, in an ƙara mata ganye biyu a baya.

Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya sa in mun iske wani a tsaye mu taka birki.